Daga Damazin Zuwa Alƙahira: Shaidar Wani Malamin Makaranta

Ni Bahaushe ne ɗan ƙasar Sudan, kuma a can aka haifi mahaifina da kakana. Kakannin kakanninmu suna cikin jama'ar da suka yi ƙaura zuwa gabas bayan yaƙin Burmi na shekarar 1903, lokacin da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello ya jagoranci waɗanda suka rage har gaɓar kogin Nilu, inda aka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Daga baya zuriyarmu ta gangara kudu saboda noma da su, ta zauna a wani ƙauye da ke kusa da Damazin, babban birnin jihar Bulu Nayil. A nan na tashi, a nan na yi karatu, a nan kuma na zama malamin firamare. Na fara da wannan bayani ne domin a duk ofishin da na shiga a tsawon zaman gudun hijirata, tambayar farko da ake yi mini ita ce yadda aka yi Bahaushe ya zama ɗan Sudan.

Ina yaro Umar Albashir ya karɓi mulki da ƙarfin soja, ranar 30 ga Yuni, 1989. Abin da na fara sani game da sabuwar gwamnati shi ne dawowar kawuna gida da rana tsaka riƙe da takardar sallama daga aikin gwamnati, wadda aka rubuta cewa an sallame shi ne domin maslahar jama'a. Dubban ma'aikata aka kora a wancan lokaci da irin wannan takarda, aka maye gurbinsu da 'yan jam'iyya, a ƙarƙashin manufar da suka kira Tamkin, wato kafa nasu a kowace kujera da kowace kasuwa. Kawuna bai sake samun aikin albashi ba har ya koma ga Allah. Tun daga lokacin dukiyar ƙasa ta soma taruwa a hannun mutane ƙalilan, kuma muna ji muna gani, sai dai bakin kowa a rufe yake saboda labarin gidajen da ake kira gidajen fatalwa, inda ake kai mutum a azabtar da shi ba tare da danginsa sun san inda yake ba.

A shekarar 1999 Sudan ta fara sayar da man fetur a kasuwar duniya, kuma kafin rabuwar ƙasar abin da ake haƙowa ya kai kusan ganga 500,000 a kowace rana. Na shiga aikin koyarwa a tsakiyar waɗannan shekaru na yalwa, kuma ina iya ba da shaida cewa yalwar ba ta iso ajinmu ba. Yara suna zama a kan duwatsu da buhunan da suka zo da su daga gida, littafi ɗaya yana zagaya hannun yara da yawa, albashi kuma yakan makara har mai shago ya gaji da ba mu bashi. Madatsar ruwa ta Rusairis tana maƙwabtaka da mu, wutar da take samarwa tana tafiya arewa ta haskaka Hartum, mu kuwa muna gyara jarrabawar yara da fitilar kwai.

Cikin wannan hali ne labarin jirgin ruwan shugaban ƙasa ya iso mana. Gab da taron ƙolin Tarayyar Afirka da aka yi a Hartum a watan Janairun 2006, gwamnati ta sayo jirgin ruwa na alfarma daga ƙasar Sulobeniya a kan kusan dala miliyan 4.5, domin a riƙa zagayawa da shugabanni a kan kogin Nilu. An sauke shi a Fot Sudan, aka ɗora shi a babbar mota aka ratsa ƙasa da shi, ana yanke wayoyin lantarki domin a ba shi hanya, kuma duk da haka taron ya watse jirgin bai shiga ruwa ba. A daidai wannan lokaci Darfur tana ci da wuta, inda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta daga baya cewa mutane kusan 300,000 sun mutu, fiye da miliyan 2 kuma sun rasa muhallinsu. Na tuna na zauna da alli na yi lissafin yawan azuzuwan da kuɗin jirgin nan zai gina, na share allon kafin wani ya shigo. Bayan wasu shekaru, a watan Janairun 2015, aka buɗe sabuwar fadar shugaban ƙasa da Sinawa suka gina a gefen tsohuwar, alhali ƙasar ta riga ta rasa kashi uku cikin huɗu na manta tun da Sudan ta Kudu ta ɓalle ranar 9 ga Yuli, 2011. Unguwar Kafuri kuwa, inda dangin shugaban suka gina manyan gidajensu, ta zama abin kwatance a bakin talakawa.

Yaƙi ya iso mana a farkon watan Satumban 2011. An kori zaɓaɓɓen gwamnan jihar, Malik Agar, aka kafa dokar ta-ɓaci, faɗa ya ɓarke tsakanin sojojin gwamnati da mayaƙan da ke goyon bayansa a cikin Damazin ya bazu zuwa tsaunukan Ingasana da Kurmuk. Dubban mutane suka tsallaka Habasha, wasu suka nufi sansanonin Maban a Sudan ta Kudu. Ni ban taɓa riƙe bindiga ba, ban kuma taɓa riƙe katin wata jam'iyya ba, amma yawancin ɗalibaina 'ya'yan ƙabilun da ake zargi da goyon bayan 'yan tawaye ne, kuma na ɓoye iyalin wani abokin aikina a gidana kafin su sami hanyar fita. Wannan ya isa laifi. Wasu mutane cikin fararen kaya suka zo da dare suka tafi da ni, kuma ba zan yi dogon bayani kan abin da ya faru a inda suka kai ni ba, sai dai in ce har yau kunnena na hagu ba ya ji sosai. Da suka sake ni sun sa na rattaba hannu cewa zan riƙa kawo musu sunayen malamai da iyayen yara. Mahaifiyata ce ta yanke hukunci a daren. Ta ce, "Ɗana, gara in yi kewarka da in ji an ce da bakinka aka kama ɗan wani. Ka tafi, Allah yana ko'ina." Ta sayar da 'yan kunnenta da shanu biyu na gadonta, ta damƙa mini kuɗin.

Na bi mota zuwa Hartum, daga can zuwa Wadi Halfa, na shiga jirgin ruwan da ke ratsa tafkin Nasir zuwa Aswan, sannan jirgin ƙasa ya kai ni Alƙahira a farkon 2012.

Masar ba ta ajiye 'yan gudun hijira a sansani, saboda haka babu tanti, babu rabon abinci, kowa shi zai nemi ɗakin haya da abin da zai ci. Wanda ya zo neman mafaka yakan yi rajista a ofishin hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya a ba shi kati mai ruwan ɗorawa, alamar cewa ana duba maganarsa, idan kuma an amince cewa shi ɗan gudun hijira ne sai a ba shi shuɗin kati. Tsakanin katunan nan biyu rayuwar mutum take tsayawa cik. Ranar da na karɓi katin farko an rubuta mini ranar ganawa, na duba na ga ba a shekarar take ba, ba kuma a mai zuwa ba. Ban da wannan akwai takardar izinin zama, wadda a wancan lokaci ake sabuntawa duk wata shida, kuma neman sabuntawar kan cinye wani kaso mai yawa na watannin shidan, ta yadda kafin mutum ya huce gajiyar layin wannan karo, na gaba ya ƙarato. Mukan fita tun kafin kiran sallar asuba mu kama layi, mata da goyo, tsofaffi a kan kwali, kowa rungume da ledar takardunsa. Ba na ɗora wa ma'aikatan laifi, domin su ma na ga yadda yawan jama'a ya fi ƙarfinsu, musamman bayan da 'yan Siriya suka soma kwararowa, amma wanda yake jira ba ya cin uzuri ya ƙoshi.

A layin nan na haɗu da wani dattijo ɗan Darfur wanda ya zama mini uba a birnin. Shi ya ba ni labarin dandalin Mustafa Mahmud da ke unguwar Muhandisin, inda 'yan gudun hijirar Sudan fiye da 2,000 suka yi zaman dirshan tun daga ƙarshen Satumban 2005, suna neman a ci gaba da duba takardunsu a kai su wata ƙasa. Da asubahin 30 ga Disamba aka tarwatsa su da ruwa da kulake, aƙalla mutum 27 suka mutu, da yawansu yara ƙanana. Ya ce mini, "Malam, ka koyi haƙuri tun yanzu, domin mu mun gwada ɗaga murya, mun ga abin da ya biyo baya." Wasu daga cikin waɗanda suka tsira a ranar sun bi ta hamadar Sina'i zuwa Isra'ila, inda aka tsare da yawansu a Saharonim da kuma Holot, kuma 'yan ƙalilan ne ƙwarai aka amince da su a matsayin 'yan gudun hijira.

Na yi gadi, na yi dako a kasuwar kayan gwari, na yi aiki a wata masana'antar roba inda ake biyanmu ƙasa da 'yan ƙasa kuma babu takardar da za mu kai ƙara da ita idan an hana mu haƙƙinmu. Sau da yawa an hana mu. Da matata da yara suka iso bayan fiye da shekara, muka kama ɗaki ɗaya a unguwar Ardul Liwa, ita kuma, wadda a gida ba ta taɓa fita aikatau ba, ta shiga wanke-wanke da shara a gidajen mutane. Abin da ya fi yi mini ciwo bai shafi ciki ba. Wata rana babban ɗana ya dawo da jini a goshi saboda yaran unguwa sun jefe shi suna yi masa waƙar baƙar fata, ya tambaye ni, "Baba, me muka yi musu?" Na rasa amsar da zan ba shi. Adalci ne in faɗi cewa a cikin mutanen Masar mun sami na kirki, kamar wata tsohuwa maƙwabciyarmu da takan aiko mana da abinci duk watan azumi, da wani likita da ya duba matata bai karɓi ko sisi ba. Su ma talakawa ne da ke fama da tsadar rayuwa, musamman bayan faɗuwar darajar fam ɗin Masar a watan Nuwamban 2016, lokacin da kuɗin haya da na abinci suka yi tashin gwauron zabo.

Ranar ganawa ta zo daga ƙarshe. An zaunar da ni tun safe har la'asar ana tambayata, ana komawa baya ana sake tambaya ta wata fuska domin a ga ko maganata za ta sauya. An tambaye ni launin ƙofar ɗakin da aka tsare ni, da yawan mutanen da suka zo kama ni, da dalilin da ya sa ban karɓi takardar asibiti ba, alhali wanda ya fito daga irin wannan wuri ba ya zuwa asibiti ya ce a rubuta masa shaida. Sai kuma tambayar asali, wadda na saba da ita tun a gida, inda Bahaushe kan sha wahalar kawo shaidu kafin a ba shi takardar zama ɗan ƙasa, ana kiransa Fallata ko Takari ko da kakansa a nan aka binne shi. A Sudan ana ce mini baƙo daga yamma, a Alƙahira kuma sai na tabbatar cewa ni ɗan Sudan ne kafin a saurari kukana. Na zana musu taswirar ƙauyenmu, na lissafa sunayen kasuwanni da ranakun cinsu. An ba ni shuɗin kati bayan wani dogon jira, muka yi murna muka yi sadaka, muna zaton ƙofa ta buɗe.

Shuɗin kati yana hana a mayar da mutum ƙasarsa, amma ba ya kai shi ko'ina. A duk duniya, waɗanda ake ɗauka a sake tsugunar da su a wata ƙasa ba su kai kashi 1 cikin 100 na 'yan gudun hijira ba a shekara. A watan Janairun 2017 Amurka ta sa Sudan cikin ƙasashen da aka hana mutanensu shiga, ta kuma riƙa rage adadin 'yan gudun hijirar da take karɓa daga 110,000 har ya sauko zuwa 15,000 cikin 'yan shekaru. Matasa da yawa ba su iya wannan jira ba. Ɗan ƙanwar mahaifiyata, yaro mai hankali da ya haddace Alƙur'ani tun yana ƙarami, ya zo ya zauna da mu, ya ga halin da nake ciki bayan shekaru, ya ce, "Yaya, ni ba zan tsufa a layi ba." Na roƙe shi, na haɗa shi da Allah, bai ji ba. Ya shiga kwalekwalen da ya nufi Turai ya kife a gaɓar tekun garin Rashid na Masar ranar 21 ga Satumba, 2016, inda aka tsamo gawa fiye da 200. Ni na je neman gawarsa, ni kuma na buga wa mahaifiyarsa waya. Kuɗin da ya ba masu fasa-ƙwaurin mutane gonar gidansu ce aka sayar.

A watan Disamban 2018 farashin burodi ya tashi daga fam 1 zuwa fam 3 a Atbara, jama'a suka fito, zanga-zanga ta game ƙasa, kuma ranar 11 ga Afrilu, 2019 sojoji suka sauke Albashir. A watannin da suka gabaci faɗuwarsa bankuna sun ƙafe, mutum yana da kuɗinsa a asusu amma sai ya kwana a layi a ba shi abin da bai kai cefanen mako ba. Mahaifiyata tana kwance ba lafiya a lokacin, na tura ɗan abin da na tara, ƙanena ya yi ta zarya bai iya fitar da shi a kan lokaci ba. Ta rasu ban gan ta ba, ban kuma tsaya a kan kabarinta ba har yau.

Da aka binciki gidan shugaban bayan an sauke shi, an sami tsabar kuɗi Yuro miliyan 6.9, da dala fiye da 351,000, da fam miliyan 5.7 na Sudan. Mun kalli shari'ar a talabijin a wani shagon shayi, cike da 'yan Sudan, lokacin da aka fara ta a watan Agustan 2019, yana zaune cikin keji sanye da farar jallabiya da rawani. Mai bincike ya shaida wa kotu cewa Albashir ya amsa karɓar dala miliyan 90 daga gidan sarautar Saudiyya a lokuta daban-daban, ciki har da miliyan 25 daga Yarima Muhammad bin Salman, kuɗin da ba su bi ta baitulmalin ƙasa ba. Shi kuwa ya ce bai kashe wa kansa ba, ya rarraba su ne ga wasu cibiyoyi a matsayin gudummawa. Wani tsohon jami'in ofishinsa ya ce akwai ɗaki a fadar da ake ajiye miliyoyin Yuro, kuma shugaban kaɗai ke riƙe da mabuɗinsa. Wannan magana ta mabuɗi ita ta tsaya mini a rai, domin a watannin da ƙanena yake kwana a ƙofar banki saboda kuɗin maganin mahaifiyarmu, kuɗi suna jibge a ɗaki guda a hannun mutum guda. Kowa a shagon ya san cewa abin da aka nuna ɗan kaɗan ne daga abin da ya salwanta cikin shekara 30, ganin cewa an bar ƙasar da bashin waje na fiye da dala biliyan 50.

Ranar 14 ga Disamba, 2019 aka yanke masa hukuncin shekara 2 a gidan gyaran hali, saboda dokar Sudan ba ta yarda a ɗaure wanda ya haura shekara 70 a kurkuku kan irin wannan laifi ba. Dattijon nan ɗan Darfur yana gefena, shi da ya haura shekara 70 yana jiran a kira sunansa tun kafin 2005, bai ce uffan ba. Kotun duniya da ke Heg ta ba da sammacin kama Albashir a 2009 da 2010 kan laifukan yaƙi da kisan ƙare dangi a Darfur, kuma har yanzu ba a miƙa shi ba. Kwamitin da aka kafa domin ƙwato dukiyar da aka tara ta hanyar Tamkin ya karɓe filaye da gidaje da kamfanoni daga hannun dangi da muƙarraban tsohuwar gwamnati, amma juyin mulkin 25 ga Oktoba, 2021 ya dakatar da aikinsa.

Wani abin da ban yi tsammani ba shi ne faɗuwarsa ta ƙara mana nauyi. Duk inda muka je sai a ce ai wanda kuka gudu dominsa ya tafi, me kuke jira? Na yi niyyar komawa, har na soma sayar da 'yan kayan ɗaki, matata ce ta ce, "Malam, mu dakata mu ga kamun ludayinsu, waɗanda suka kama ka ba su je ko'ina ba." A watan Yulin 2022 rikicin filaye ya ɓarke tsakanin Hausawa da wasu ƙabilu a jiharmu, aka kashe fiye da mutum 100, a watan Oktoba kuma aka kashe fiye da 200 a yankin Wad Almahi. An ƙone gidanmu na gado, danginmu suka watsu zuwa Sinnar da jihar Farin Nilu. Ranar 15 ga Afrilu, 2023 yaƙi ya tashi tsakanin sojoji da dakarun RSF, rundunar da gwamnatin Albashir ta kafa a 2013 daga mayaƙan Janjawid, ta kuma bar ta ta yi ƙarfi da zinaren Darfur. Miliyoyin mutane sun bar gidajensu, waɗanda suka shigo Masar kaɗai sun haura miliyan 1.

Ƙanwata tana cikinsu, ita da 'ya'yanta, bayan ta sha wahalar hanya ta mashigar Argin da ke kan iyakar Sudan da Masar kafin a tsaurara sharuɗɗan biza a watan Yunin 2023. Yanzu iyali biyu ne a gidan da muke haya, ni kuma ina koyarwa a wata makarantar al'umma da 'yan Sudan suka kafa, inda albashin ya dogara ga abin da iyaye suka iya haɗawa a ƙarshen wata. Babban ɗana ya gama sakandare, yana aiki a shagon gyaran waya saboda kuɗin jami'a ya fi ƙarfina. Takardunmu na neman a kai mu wata ƙasa suna nan ba a ce an ƙi ba, ba a kuma ce an karɓa ba. Ƙanwata ta karɓi katinta mai ruwan ɗorawa, kuma ni nake raka ta layin sabunta izinin zama, domin na san ƙofar da ake bi da takardun da ake tambaya.